Ki bar ta ta yi shigar, amma ki tsare idonta

Uwargida, idan 'yarki ta nuna miki wata tauraruwar wasan waya riƙe da gogen Turawa, ta ce irin shigarta take so ta yi a ɗauke ta hoto, kada hankalinki ya tashi. Kosfile ake ce wa abin, daga Japan sunan ya fito. Mu ma muna da namu: daga goma ga azumi, yaran Ikara, Maƙarfi da Kudan kan manna gemun auduga su fita tashe. Gogen ma ɗan'uwan kukumar Hassan Wayam ne.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ido nake jiye wa. Taurarin nan idonsu shuɗi ne ko ja, sai yarinya ta sayo ɗan gilashi mai launi ta manna a ƙwayar idonta. Wanda likita bai auna ba yana iya ƙarzar idon, ƙwayoyin cuta su shiga, gyambo ya fito, har gani ya tafi. Aron na ƙawa, wanke shi da ruwan rijiya, ko kwana da shi, duk suna ƙara haɗarin.

Idan ido ya yi ja, yana zafi, yana gudun haske, a cire gilashin, a tafi asibiti a ranar. Kada a ɗiga nono ko ruwan sukari. In abin ya yi tsanani, akwai asibitin Shika da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Tela ya ɗinka kayan, launin idon kuwa a sauya shi a waya bayan an ɗauki hoton.

Ke 'yarki ta taɓa roƙon wannan gilashin? Faɗa mana a ƙasa.