Tsunami: Igiyar da sai a gaɓa ake ganinta

'Yan makaranta, kalmarmu ta wannan mako ita ce tsunami. Mu nan Kongolam ba mu da teku, sai an dangana da Legas. Amma kalmar tana cikin darasin labarin ƙasa, kuma ko kun tsallaka iyaka zuwa Matamaye, inda ake ce wa makaranta lakwal, abin da mushe zai rubuta a allo ke nan. Ba Turanci ba ce, ba Faransanci ba. Duka aro suka yi daga Japananci.

Kalmomi biyu aka haɗa: tsu, wato tashar jiragen ruwa, da nami, igiyar ruwa. Mu Hausawa ma mun fi Turawa sa'ar furta ta, don bakin da ya saba da tsuntsu da tsamiya ba zai sha wuya ba, su kuwa da yawansu sunami suke cewa.

To me ya kawo tasha cikin sunan? Idan girgizar ƙasa ta ɗaga ƙasan teku, ruwan da ke samansa duka yakan motsa. A tsakiyar teku igiyar tana gudun da ya kai kilomita 800 a awa, kamar jirgin sama, amma sau da yawa tsayinta bai kai mita ɗaya ba. Sai ta iso wuri marar zurfi gudun ya ragu, ruwan baya ya taru kan na gaba, ya miƙe kamar katanga. Haka aka yi a gaɓar Sanriku ta Japan ran 15 ga Yuni, 1896. Masunta suna can nesa ba su ji komai ba, da suka dawo suka tarar garuruwansu sun tafi. Mutum kusan 22,000 suka rasu.

Wani lokaci takan yi gargaɗi: teku ya janye, kifi ya rage a kan yashi. Ran 26 ga Disamba, 2004, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10 ta ga ruwa yana kumfa yana canzawa a bakin tekun Phuket na Tailan. Makonni biyu kafin nan aka koya musu tsunami a aji. Ta matsa wa iyayenta, aka kwashe mutane daga gaɓar. Igiyar ranar ta kashe fiye da mutum 220,000, ta kai har Somaliya.