Gyaran Tsohon Kaset da AI: Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A wasu gidajen Hausawan Jazira da Bulu Nayil a ƙasar Sudan, daga Mai Wurno zuwa Damazin, har yanzu akwai kasusuwan bidiyo a ƙasan akwati: bikin aure, sunan jariri, tarbar alhaji. Yanzu ana tallan manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI), irin su Topaz, wai za su mai da dusu-dusun hoton nan tangaran. Kafin mu miƙa kuɗi, mu yi lissafi.

Kuɗi na farko na na'urar da za ta kunna kaset ne. Kaset ɗin bidiyo na VHS ya fito a 1976, kuma kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urarsa a 2016. Wadda za a samu tsohuwa ce, robar cikinta ta saki, kanta ya yi datti. Kaset ɗin da ya sha zafi da ƙura, in ya shiga irinta, tana iya cinye zarensa. Wannan asara babu manhajar da ke mayar da ita.

Na biyu wuta ce da kwamfuta. Bidiyon Sudan tsarin PAL ne, hoto 25 a kowace daƙiƙa, wato kaset mai awa uku hoto 270,000 ne, kuma ɗaya bayan ɗaya manhajar za ta bi su. Ƙaramar kwamfuta sai ta kwana ta wuni ba ta gama ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wuta ba ta da tabbas. Wad Madani ma, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disamban 2023, sojoji ba su karɓo ta ba sai Janairun 2025. Man janareta kuɗi ne, manhajar kuma da dala ake biya, ga fam ɗin Sudan ya karye.

Na uku sirri ne. Mai son sauƙi zai ɗora bidiyon a intanet a gyara masa. Amma me ke ciki? Amarya da lalle, mata sun sauke mayafinsu na tobi suna rawa a tsakar gida, inda ko maƙwabci ba ya leƙawa. Wa zai ce ga inda hoton zai kwana?

Na huɗu shi ne mafi tsada, kuma ba a rubuta shi a rasit. Hoton kaset in an kwafe shi ɗigo 720 ne sau 576, na 4K da manhajar za ta fitar kuwa 3840 sau 2160, ninki ashirin cif. Kyamara ba ta ɗauki wannan ƙarin ba. Manhajar ce ke cike gurbin da abin da ta koya daga fuskokin wasu mutane. Tana ganin zane a kuncin tsohuwa sai ta ɗauka ƙazantar hoto ce, ta shafe. Wushirya ta toshe, aikin hula ya koma wani ado daban. Ga zuriyar waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, da ta alhazan da suka yada zango suka kama noman auduga, zanen nan shi ke faɗin garin da kaka ta fito. Garin neman gira kada a rasa ido.

A yi adalci: manhajar tana rage yayyafin hoto, tana tsai da rawar kyamara. Ga wanda aka ɗauka kusa, cikin haske, takan yi kyau. Taron dare da fuskokin nesa kuwa, ƙage ne kawai.

Saboda haka a fara da abin da ba ya jira. A kwafe kaset yadda yake, a ajiye a wuri biyu, a tura wa ɗan'uwa a Saudiyya ko Kano. Sannan a kunna wa dattawa, a rubuta sunan kowa da shekarar bikin tun masu sanin fuskokin suna raye. Gyaran AI ya biyo baya in da rarar kuɗi, kuma kada a goge na asali.