Harajin TVA da cinikin salula: kukan masu kanti a Magarya

Wata sabuwar kasuwa ta kafu a Magarya da Dungas, wadda ba ta da rumfa balle ranar ci. A cikin wayar salula take. Mai saye ya ga hoton atamfa ko takalmi ta WhatsApp ko Facebook, ya aika kuɗi, kaya su iso cikin motar haya daga Kano ko Maigatari. Masu kanti kuwa suna kukan ciniki ya ja baya.

Ruwa ba ya tsami banza. A Nijar harajin da ake ɗorawa bisa kuɗin kaya, wato TVA, kashi 19 ne cikin 100. A Najeriya kashi 7.5 ne tun watan Fabrairu na 2020. Kafin nan kashi 5 ne. Ke nan kayan jika goma na ɗaukar harajin sefa 1,900 a nan, alhali a ƙetaren iyaka bai wuce kwatankwacin sefa 750 ba. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara wa kayan Kano araha.

Ko ƙaramin mai kanti da ba ya karɓar TVA da hannunsa yana biyan ta, domin tana cikin kuɗin sari tun daga duwan. Ga lanho na shekara, ga haya. Mai talla ta salula, in bai yi rajista ba, ma'aikatar haraji ba ta san da zamansa ba, ƙunshinsa kuma ƙarami ne, yana iya shigowa cikin kayan fasinja.

Asarar ba ta tsaya kan ɗan kasuwa ba. Da haraji ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan likita, kuma duk kantin da ya rufe, baitulmali ya rasa mai biya. Sai dai tsanantawa na da hatsari: a 2005, da aka ɗora TVA kan kayan masarufi, jama'a sun rufe kasuwanni har gwamnati ta sassauta.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A Amurka, sai a 2018 kotun ƙoli ta yarda jihohi su tilasta wa masu sayarwa ta intanet karɓar haraji, ko ba su da kanti a jihar.

Hana cinikin salula ba mafita ba ne, don mata da samari da yawa da shi suke cin abinci. Abin da ya kamata shi ne a sauƙaƙa rajista, a yanka musu haraji daidai ƙarfinsu, a bayyana dokar da Hausa ta rediyo. Masu kanti su ma su shiga wayar da hajarsu, domin in kiɗa ya sake, rawa sai ta sake.