WASIƘA TANA DA ADIRESHI

Jama'a, yau da masu yankan aya nake, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Ina nufin masu zaro layi ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, su manna shi a bayan mota ko a kalanda, sannan su tsaya a bagadi su ce wa talaka ga alkawarinka nan, kawo baiko ka karɓa.

Ayar da ta fi shan wahala a hannunsu ita ce Irmiya 29:11, inda Ubangiji ke maganar shirin alheri da yake da shi domin mutanensa. Mai neman aiki an karanta masa, mai neman miji an karanta mata, har da mai jiran biza. To amma wa aka rubuta wa? Ai babin nan wasiƙa ce, kuma wasiƙa tana da adireshi. Annabi Irmiya ya aika ta daga Urushalima zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila tare da sarki Yekoniya, a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Abin da ya gaya musu kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Cewa ya yi su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa garin da ya bautar da su addu'a, domin sai Babila ta cika shekara 70 kafin a zo maganar komawa gida. Wannan yana aya ta 10, taku ɗaya kacal kafin wadda ake rera mana. Sairus na Farisa bai ci Babila ba sai a 539. Wanda aka kwashe yana ɗan shekara 30, ranar da aka buɗe hanyar gida ya doshi 90, in ma yana raye. Alkawarin ya cika kam, amma da yawansu 'ya'ya da jikoki ne suka gani.

Abin dariya, abin kuka, shi ne akwai mai wa'azin "nan ba da daɗewa ba" a cikin labarin. Ku koma babi na 28. Hananiya ne sunansa. Ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo, har ya karya karkiyar da ke wuyan Irmiya a gaban jama'a. Ina tabbata muku ranar nan shi aka yi wa tafi. Bai ga ƙarshen shekarar ba.

Haka suke yi wa Filibiyawa 4:13, sun mai da ita layar cin jarrabawa da buɗe shago. Alhali Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, kuma zancensa a wurin shi ne ya koyi zama da ƙoshi, ya koyi zama da yunwa. Shi ɗin dai ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Ko shi ma bangaskiyarsa ce ta gaza? Kar mu manta, Iblis da kansa Zabura 91 ya janyo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali. Iya janyo aya ba shi ne gaskiya ba.

Wani zai ce, ke kuma da ba ki je makarantar tauhidi ba, ina ruwanki? Ruwana ya yi tsaki, domin mu mata ne ake fi yanka. Mu ne muka cika benci ranar Lahadi, mu ne a zumuntar mata. Matar da ta shekara 10 ba haihuwa, a ce mata alkawarin Saratu nata ne, ta "shuka iri". Ta sayar da akuya, ta sayar da keken ɗinkinta, wata ma a hana ta zuwa asibiti wai shakka ce. Saratu fa Allah ya kira sunanta, ya faɗi lokaci. Wannan baiwar Allah wa ya kira mata? Shekara ta zagayo ba ciki, sai a juya a ce ba ta da bangaskiya. Ga dangin miji da gori, ga hannu wayam, ga shi yanzu tana zargin Ubangiji da saɓa maganar da bai taɓa yi mata ba. Wasu daga nan suke barin majami'a gaba ɗaya.

Ban ce babu namu a ciki ba. Gafarar zunubi, kasancewarsa tare da mu, tashin matattu, waɗannan an buɗe su ga duk mai gaskatawa, kuma ba a sa musu farashi ba. Amma mota da ɗa namiji kafin Kirsimeti, malam mai wa'azi, nuna mini babin. In babu, a mayar wa matar nan da kekenta.