Filin Wasan Makaranta Ba Kango Ba Ne

Akwai wata dukiya ta al'umma da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi a ƙasar nan, kuma ba kasafai ake jin wani ya ɗaga murya a kanta ba. Wannan dukiya kuwa ita ce filin wasan makaranta, tun daga na firamare har zuwa na kwaleji da jami'a. A idon wasu mahukunta da 'yan kasuwa, duk filin da ba a aza bulo a kansa ba kango ne da ke jiran mai rabo. Alhali kuwa a garuruwa irin su Kahu da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, sau da yawa filin makaranta shi ne kaɗai sararin da ya rage wa yara da matasa, domin abin da ba gida ba gona ne.

Kafin a shiga batun gida, yana da kyau mai karatu ya ji yadda wasu suke yi da nasu. A Jami'ar Fordham da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai filin da ake kira Jack Coffey, wanda aka buɗe tun 1930, yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 7,000. A wannan haraba guda ake buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa, wadda a gaskiya ta fi kama da kokawa, tunda rungumar ƙwallon ake yi a ruga da ita. A nan kuma ake wasan besbol, wanda ake jefo wa mutum 'yar ƙaramar ƙwallo ya maka mata sanda, sannan ya zagaya da gudu. Na farkon ana yin sa daga Satumba zuwa Nuwamba, na biyun kuma daga ƙarshen sanyi zuwa watan Mayu, saboda haka ba a cin karo, kuma filin ba ya zama a banza. To, wannan fa a birnin da taƙi ɗaya na ƙasa ya fi ƙarfin dukiyar wani attajirin. Duk da haka sama da shekara 90 ke nan ba a yanka filin an yi shaguna ba.

Ba wai ana cewa a kawo besbol Kahu ba ne. Ko da yake an buga shi a Abuja a gasar wasannin Afirka ta 2003, wasa ne da bai shiga jinin jama'ar nan ba, kuma kayansa sai an yi oda. Darasin da ke ciki shi ne fili ɗaya yana iya ɗaukar wasanni da yawa idan akwai tsari, kuma Bahaushe bai rasa abin da zai zuba a ciki ba. Akwai ƙwallon ƙafa, akwai guje-guje da tsalle-tsalle, sannan ga langa da kokawa da dambe, waɗanda yanzu haka ana fafatawa a kansu a gasar wasanni ta ƙasa ana ba da lambobin yabo. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, wato bai cika kadada ɗaya ba. Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9, na ƙwallon hannu kuma 40 da 20, duk sai su zauna a gefe guda. Langa da kokawa kuwa ba su buƙatar komai illa rairayi da alƙali mai adalci. Ashe ke nan ba kuɗi ne matsalar ba, kula ce babu.

Wai shin ina hankalin mahukunta ya karkata? Ya karkata ne ga manyan filayen birni da ake nunawa a talabijin. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ba laifi, abin alfahari ne ga Kanawa. Amma ɗan manomin da ke Kahu me ya ƙaru da shi? Ko kallo zai je sai ya nemi kuɗin mota da na ƙofa, balle a ce ya taka ciyawar da ƙafarsa. Bugu da ƙari, a 2020 da aka mai da filin wurin killace masu cutar korona, sai da Kano Pillars, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta koma Kaduna tana karɓar baƙinta. Idan dogaro da fili ɗaya ya iya raba babbar ƙungiyar jiha da gidanta, ina ga yaron ƙauye da ba shi da mai magana da yawunsa?

Yadda filin makaranta ke salwanta kuwa sananne ne, ba ya tafiya rana ɗaya. Yau maƙwabci ya ƙara kunya biyu daga gonarsa, gobe a kafa rumfar mai shayi a kusurwa, jibi masu babura su fitar da hanya ta tsakiya, daga nan sai wani mai faɗa-a-ji ya zo da takarda ya ce an ba shi bakin titi ya yi shaguna don a samar wa makaranta kuɗin shiga. Kafin a ankara sai a tarar ragar nan da waccan sun kusa haɗuwa. Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da abin da ya faru a birnin Kano. An gina shaguna a filin Idi na Ƙofar Mata da kuma filin sukuwa, sannan a watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta sa aka rushe su. 'Yan kasuwar filin Idi suka garzaya kotu, aka yanke masu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wa ya ci riba? Masu shaguna sun yi asara, baitulmali ya yi asara, kuma talakan da ba a shawarce shi ba wajen gini ko wajen rusau shi ne zai biya. Da tun farko an tsare filin, da duk ba a kai ga haka ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Wasu iyaye za su ce ai ƙwallo shiririta ce, tana hana karatu da aikin gona, har ta sa yaro ya yi sakaci da salla. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma maganinta tsari ne, ba kashe fili ba. Filin da ke ƙarƙashin makaranta yana da malami mai lura, yana da lokacin buɗewa bayan la'asar da lokacin tashi kafin magariba. Wurin da ba shi da mai lura shi ne kangon bayan gari da gindin gada, kuma can matashi yake nufa idan aka rufe masa wannan ƙofar. Binciken da aka fitar da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2017 mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba a ce fili kaɗai zai raba matasa da shaye-shaye ba, amma ƙarfin ɗan shekara 17 kamar ruwan damina ne, in ba a yi masa magudana ba shi zai yi wa kansa.

Saboda haka abin yi a bayyane yake, kuma bai kai kuɗin motar shugaban ƙaramar hukuma ɗaya ba. Da farko, ƙananan hukumomin Kibiya da Rano da Bunkure su auna filin kowace makaranta, a kafa duwatsun iyaka a gaban dagaci da masu unguwanni da ƙungiyar iyaye da malamai, a rubuta a ajiye. Inda ba a iya katanga ba, a shuka darbejiya a jere, ga shinge ga inuwa. Na biyu, a fitar da jadawali: safiya ta ɗalibai, yamma ta matasan gari, wasu ranaku na ƙwallo, wasu na langa da guje-guje, a ware wa 'yan mata lokacinsu tare da malamansu mata, idan kaka ta yi kuma a ba kokawa haƙƙinta. Na uku, manyan makarantun yankin, irin su reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, su ɗauki nauyin shirya wa makarantun ƙauyukan da ke kewaye da su gasa ko da sau ɗaya a shekara. Yaron da ya fara shiga harabar kwaleji don tsere, wata rana zai so ya koma don karatu.

Daga ƙarshe, nauyin yana kan mutanen gari kafin kowa. Duk ranar da aka ga an sauke yashi ko an kafa turaku a filin makaranta, ranar ce ta tambayar wa ya ba da izini, ba sai gini ya kai linta ba. Shago ana iya gina shi a ko'ina, amma filin da aka cinye ba ya dawowa cikin sauƙi. Allah Ya sa a gane, Ya kuma shirya zuri'a baki ɗaya.