Ramar da ke cikin ƙofar mota

Duk wanda ya sha doguwar tafiya a tsohuwar bas ya san yadda rugugin inji da ƙarar taya kan bar mutum da ciwon kai. Kamfanonin mota sun daɗe suna toshe wannan ƙara da soso na roba da zaren gilas, amma yanzu wasunsu sun koma ga tsirrai, ciki har da ramar nan da muke kwaɗantawa da ƙuli-ƙuli. Toyota ta fara sa zaren rama a bangon ƙofar motocinta tun wajen 2000, BMW ma ta yi amfani da shi a motarta mai lantarki ta i3 da ta fito a 2013. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane silin zaren yana da rami a cikinsa, idan aka cakuɗa shi da roba aka danne da zafi, sai ya zama faifai mara nauyi mai cike da ƙananan ƙofofi. Ƙara na shiga ta yi ta goga da zaren har ƙarfinta ya ƙare. Ba cewa na yi ba shi da aibi ba, yana jan laima, yana iya yin fumfuna, kuma rugugi mai zurfi ya fi ƙarfinsa sai an ƙara masa kauri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, manomanmu sun iya noman rama tun kaka da kakanni, amma ɓawonta bai wuce igiyar ɗaure akuya ba, saboda babu masana'antar da ke zuwa gona ta saya da daraja.