Afuwar shugaban ƙasa a Najeriya: Wa ke nema, wa ke samu?

A watan Oktoban 2025 fadar shugaban Najeriya ta fitar da sunayen mutum 175 da Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa ko sassauci, amma kafin watan ya ƙare sai da ta sake tace jerin sunayen.

Hakan ya biyo bayan sukar da aka yi ta yi, ganin cewa akwai waɗanda aka ɗaure bisa kisan kai da safarar miyagun ƙwayoyi a cikinsu.

Lamarin ya sake tayar da tsohuwar muhawara: shin afuwa ƙofa ce da ke buɗe ga kowane fursuna, ko kuwa sai mai uwa a gindin murhu?

Abin da doka ta ce

Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe laifi baki ɗaya, ko rage hukunci, ko sauya shi da wanda bai kai shi tsanani ba, bayan ya tuntuɓi Majalisar Ƙoli ta Ƙasa.

Sai dai ikon nasa ya tsaya ne ga laifukan da suka saɓa wa dokokin tarayya. Wanda aka ɗaure a ƙarƙashin dokar jiha, gwamna zai roƙa, kamar yadda sashe na 212 ya tanada.

Fursuna ko lauyansa ko danginsa ne ke rubuta takardar roƙo, galibi ta hannun hukumar gidan yari, zuwa ga kwamitin ba da shawara wanda ministan shari'a ke jagoranta.

Kwamitin kan duba tsufa, da tsananin rashin lafiya, da kyautatuwar hali, da tsawon zaman da mutum ya riga ya yi.

Amma shawara ce kawai yake bayarwa. Tsarin mulki bai wajabta wa shugaba bin ta ba, bai kuma ce sai ya bayyana dalilinsa ba.

Ba fita daga kurkuku kaɗai ba

Ga talaka, afuwa na nufin komawa cikin iyali. Ga ɗan siyasa kuwa ta wuce nan, domin tsarin mulki ya hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya tsayawa takara har tsawon shekara goma.

Cikakkiyar afuwa tana share wannan tabo. Janar Olusegun Obasanjo, wanda gwamnatin Abacha ta ɗaure a 1995 bisa zargin yunƙurin juyin mulki, ya ci gajiyar afuwar Janar Abdulsalami Abubakar a 1998. Da aka ƙalubalanci zaɓensa a 1999, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce afuwar ta wanke shi.

Shi ya sa wasu ke nemanta ko bayan sun gama wa'adinsu. Tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, ya amsa laifin cin hanci a 2007, ya kuma daɗe da fita kafin Shugaba Goodluck Jonathan, tsohon mataimakinsa, ya yafe masa a 2013. Har Amurka sai da ta nuna rashin jin daɗinta.

A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa mutum 159 afuwa, ciki har da tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda hukumar EFCC ta shafe fiye da shekara goma tana shari'a da su.

Fadar shugaban ta kafa hujja da tsufa da rashin lafiya. Masu suka kuwa sun ce gidajen yari cike suke da tsofaffi da marasa lafiya da babu wanda ya san sunansu.

Waɗanda ake mantawa da su

Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Mafi yawansu ba afuwa suke fata ba, illa ziyarar babban alƙalin jiha, wanda kan sallami waɗanda aka tsare fiye da ƙima.

Akwai kuma waɗanda aka zalunta. A shari'ar Musulunci, haƙƙin yafe ƙisasi na hannun magadan mamaci ne. Tsarin mulkin Najeriya bai tilasta wa shugaba ko gwamna jin ta bakinsu ba, abin da ya sa afuwa ga mai kisa ke yi wa Musulmi da dama ɗaci.

Wasu ma ba sa son afuwar. Da aka yi wa Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa Ogoni takwas, waɗanda aka rataye a 1995, afuwa a 2025, 'yan gwagwarmaya da danginsa sun ce wanke su ya kamata a yi, domin mai laifi ake yafe wa.

Bayan ce-ce-ku-cen Oktoban 2025, gwamnati ta cire sunayen wasu, ta mayar da sakatariyar kwamitin ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, ta kuma umarci a fitar da sababbin ƙa'idoji.

Sai dai ƙa'idojin ofis ba su taɓa sashe na 175 ba. Muddin ba a wajabta bayyana dalili da tuntuɓar waɗanda aka cuta ba, takardar fursunan da ba shi da kowa za ta ci gaba da dogara ga wanda zai ɗauke ta ya kai ta gaba.